Daga Kaduna Zuwa Bakin Teku a Mota: Ina Za Mu Tsaya, Kuma Yara Za Su Iya Shiga Ruwan?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Kaduna, ina zaune a Unguwar Dosa. Ina da hutun mako biyu a watan Disamba, kuma na yi wa iyalina alkawarin zan kai su su ga teku, domin a cikinmu babu wanda ya taɓa ganinsa sai a talabijin. Mu bakwai ne: ni da maiɗakina da yara huɗu, babbansu yana da shekara 15, autar tana da 5, sai mahaifiyata da ta ce ba za a bar ta a baya ba. Burina mu bi hanyar bakin teku daga Legas har Gana a motata. Shin mako biyu zai isa? Waɗanne wurare ne suka cancanci a tsaya? Sannan yara sun matsa sai sun yi wanka a teku, kuma biyu daga cikinsu sun iya iyo, a kogi suka koya."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya cika maka wannan alkawari. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko lokacinka zai ɗauki wannan tafiya, wuraren da idonku zai ƙoshi, da kuma ko za a bar yara su shiga ruwa. Na shafe shekaru ina bin wannan hanya, da farko a harkar sufurin kaya tsakanin Kaduna da Kwatano da Akra, daga baya kuma ina raka iyalai da ɗalibai, kuma iyakar tafiyata a yamma ita ce garin Elmina da ke Gana, don haka a nan bayanina zai tsaya. Amsa a taƙaice ita ce mako biyu zai isa, amma da sharaɗin ka haƙura da manyan birane, domin su da iyakokin ƙasashe ne ke cinye kwanakin matafiyi, ba nisan hanya ba.

Lissafin kwanaki

Daga Kaduna zuwa Legas ta Abuja da Lokoja da Okene da Akure da Ibadan ya haura kilomita 900. Direbobin tashar Mando suna iya yin sa a tashi ɗaya, amma wanda ya ɗauko tsohuwa da yarinya 'yar shekara biyar bai kamata ya gwada ba, kuma a halin da hanyoyinmu suke ciki tafiyar dare ba ta iyali ba ce. Ku tashi bayan sallar asuba, ku kwana a Lokoja, inda da yamma za ku iya hawa dutsen Patti ku hango mahaɗar Kwara da Binuwai, washegari ku ƙarasa. Tsohuwar hanyar Birnin Gwari da Tegina da Mokwa da Jebba ta fi kusa a taswira, amma ba na tura mai iyali ta can.

Daga Legas zuwa Kwatano kusan kilomita 120 ne, daga Kwatano zuwa Lome kusan 150, daga Lome zuwa Akra kusan 190, sannan daga Akra zuwa Cape Coast kusan 150, Elmina kuma tana gaba kaɗan da kimanin kilomita 12. Jimilla ya ɗan haura kilomita 600, wato bai kai nisan Kaduna zuwa Legas ba, sai dai akwai iyaka uku a cikinsa: Seme tsakanin Najeriya da Benin, da Hilakonji tsakanin Benin da Togo, da Aflawo tsakanin Togo da Gana. Kowace iyaka na iya cin awa ɗaya, tana kuma iya cin huɗu, musamman ga mai shigar da mota. Idan ka cire kwana huɗu na zuwa Legas da dawowa Kaduna, ka cire biyu na dawowa daga Elmina zuwa Legas, saura kwana takwas ke nan a hannunka, kuma babu ko ɗaya na ko-ta-kwana idan mota ta ba da matsala ko yaro ya tashi da zazzaɓi. Wannan ne ya sa nake cewa ka zaɓi wurare uku ko huɗu ka yi kwana bibbiyu a cikinsu, maimakon kullum a ɗaure kaya a kwance. Sauri kan haifi nawa a irin wannan tafiya, domin iyalin da ya yini a mota ba ya jin daɗin komai idan an isa.

Takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga waɗannan ƙasashe ba tare da biza ba har kwana 90, amma kowane mutum a motar, har autar, sai ya riƙe fasfonsa ko takardar tafiya ta ECOWAS. Kowa kuma yana buƙatar katin allurar rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka a yi ta tun a watan Nuwamba, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Motar tana buƙatar takardunta na asali da sunanka, da inshorar ECOWAS da ake kira katin burawun, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, sannan a kowace iyaka kwastan za su ba ka takardar shigar da mota ta wucin gadi, wadda za ka mayar musu a lokacin fita. Ka yi wa kowace takarda kwafi uku. Kuɗin da ake biya da tsarin cike takardun suna canjawa daga lokaci zuwa lokaci, saboda haka ka tambayi direban da ya ƙetare a cikin watan kafin ka tashi. Na taɓa rasa rabin yini a wata iyaka saboda harafi ɗaya na lambar inji ya saɓa tsakanin takardu biyu, alhali mai motar ya yi shekara uku yana yawo da su a Kaduna ba wanda ya lura.

Duk ƙasashen huɗu a hannun dama ake tuƙi. Benin da Togo sefa suke kashewa, Gana kuma sidi. Agogon Benin ɗaya yake da namu, amma da ka shiga Togo sai ka mayar da naka baya da awa ɗaya, haka kuma zai zauna har Gana.

Yadda gaɓar take

Mutane da yawa suna zaton mai bin hanyar bakin teku yana tafe ne teku na gefensa na hagu tun daga Legas. Ba haka ba ne. Wannan gaɓa siririn tudun rairayi ce mai tsawo, teku a kudu da ita, a arewa da ita kuma tafkuna da gulabe masu ruwan zartsi, waɗanda koguna ke zubowa cikinsu su kwanta kafin su sami ƙofar fita. Babbar hanya sau da yawa tana bi ne ta bayan tafkunan, inda ƙasa ta fi tauri. Wurin da za ka daɗe kana tuƙi kana kallon teku ta tagar mota shi ne Togo, sai wasu guntaye kusa da Cape Coast da Elmina. A sauran wurare sai ka sauka daga titi ka nemi ruwan da kanka. Abin da na fahimta a tsawon shekaru shi ne wurare mafi kyau su ne bakunan koguna, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, domin a nan ne ake samun tsuntsaye da kwale-kwale da inuwar kwakwa da ruwa mai kwanciya duk a wuri guda.

Wani abin da zai ba mutumin Kaduna mamaki shi ne bushewar ƙasar. Daga wajejen Kwatano har Akra babu kurmi, sai fili mai ciyawa da giginya da kuka jefi-jefi, kamar kana hanyar Zariya. Akra ba ta samun ruwan saman da Kaduna ke samu, domin nata bai cika wuce milimita 800 a shekara ba, namu kuwa ya haura 1,000. Sai an doshi Cape Coast sannan duhuwar daji take dawowa. Watan Disamba da ka zaɓa lokaci ne mai kyau, saboda manyan ruwaye na Afrilu zuwa Yuli da ƙananan na Satumba da Oktoba duk sun wuce, sai dai idan hunturu ya sauko da hazo, sama da teku sukan haɗe su zama fari ɗaya, hoto ba ya fita yadda ake so. Kada kuma ku ɗauki kayan sanyi da yawa, domin can gumi ake yi ko da dare.

Maganar wanka

A nan zan tsawaita, saboda magana ce ta rai. Iyon kogi da iyon teku ba ɗaya ba ne, kuma a gaskiya yaron da ya iya iyo ya fi ba ni tsoro a kan wanda bai iya ba, domin wanda bai iya ba a bakin rairayi yake tsayawa. Ruwan kogi gefe ɗaya yake tafiya, mai iyo ya san inda zai kai shi. Teku kuwa turowa yake yi ya ja, kuma igiyoyin da ke dukan wannan gaɓa daga can kudancin Atalantika suke tasowa, su yi tafiyar dubban kilomitoci ba abin da ya tare su, su zo su fashe a kan rairayin da yake da gangara sosai. Taku uku daga inda ruwa yake a idon sawu, sai ka ji shi a ƙirji. Idan igiyar ta koma, tana zare rairayin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarka, sai ka ji kamar ana janye tabarma kana tsaye a kanta.

Abin da ya fi kashe mutane shi ne ruwa mai ja. Ruwan da igiyoyi suka tara a bakin gaɓa dole ya koma, sai ya nemi wani kwari a cikin rairayin ƙasa ya bi ta nan da ƙarfi zuwa ciki, kamar yadda ruwan sama ke bin kwalbati, kuma gudunsa na iya fin na gwanin iyo. Mugun abin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: babu farin kumfa, ruwan ya fi duhu, ya fi kwanciya, shi ya sa baƙo yake zaɓarsa. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawar komawa ta inda ya fito, domin gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta a bayansa ya bar ruwan ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu a gan shi, sannan ya yi iyo a kaikaice, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga kwarin, wanda yawanci ba shi da faɗi sosai. Ka koya wa manyan yaran wannan tun a gida, amma kada sanin ya zama lasisin shiga.

Na ga abin da idona a kusa da Gran-Popo, wani gari a ƙasar Benin. Wani ɗalibi ɗan shekara 17 da muka tafi da shi, wanda ya tashi yana iyo a Kogin Kaduna kuma yana alfahari da hakan, ya naɗe wando zuwa gwiwa ya juya wa teku baya domin abokinsa ya ɗauke shi hoto. Igiyoyi huɗu suka zo ƙanana, ta biyar ta doke shi a bayan gwiwa ta kifar da shi, kafin mu ce kwabo ya yi nisan da ba mu ganin komai sai kansa. Allah ya sa masunta na jan taru a kusa, biyu daga cikinsu suka faɗa da igiya suka fito da shi, bakinsa da kunnuwansa cike da rairayi, takalminsa ɗaya kuma har yau yana can. Bai yi magana ba har muka isa Lome.

Saboda haka ga ƙa'idata: a buɗaɗɗen teku, iyakar kowa idon sawu, babba yana riƙe da hannun ƙarami, kuma ba a juya wa ruwa baya. Doguwar riga da zane da hijabi idan suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa, don haka Hajiya da maiɗakinka su tsaya inda kumfa kawai ke isowa. Mafi yawan waɗannan wurare ba su da masu ceto. Idan yara sun ƙagu sai sun yi iyo, ka kama masauki mai wurin wanka ka zauna kana kallonsu. Ruwan tafkuna da na kogin Volta ya fi kwanciya, amma ba na son yara su jiƙa a cikinsa saboda tsargiya. Duk lokacin da za ku hau kwale-kwale, kada a tashi sai kowa ya ɗaura rigar kariya daga nutsewa, ko da matuƙin ya ce tafiyar minti biyar ce.

Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana, kusan awa shida-shida, lokacin kuma yana jinkirta da kimanin minti 50 kullum. Wata ne ke jan ragamar abin, kuma mu da muke lissafin kwanan wata mun sami sauƙi: cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren 14 da 15. Kada ka ajiye mota, ko ka shimfiɗa wa Hajiya tabarma, a kan rairayi mai danshi, domin danshin shaida ce cewa ruwa ya zo nan kuma zai dawo.

Legas da Badagry

Legas a watan Disamba cunkoso ce zalla, kuma wuraren shaƙatawa na bakin ruwa a Lekki kuɗi ake biya a shiga, ga kiɗa da giya a ƙarshen mako, abin da ba zai yi wa Hajiya daɗi ba. Tsohuwar Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari babu ita, an cike wurin an gina Eko Atlantic, kuma aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024 ya taɓa wasu wuraren. Idan za ka ba Legas yini ɗaya, ka ƙetara gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 da sassafe yara su ga tafkin, ku je gandun Lekki da aka kafa a 1990, inda ake tafiya a kan dandamalin katako a cikin fadama, ga kuma gadar igiya mai tsawon mita 401 a saman itatuwa. Birai na wurin ba su da kunya, suna fizge abinci daga hannu. Ni dai da ni ne, da na wuce kai tsaye.

Badagry ce nake so ta zama wurin da za su fara ganin teku. A kan hanya za ku wuce Alaba Rago, inda a da ake jin Hausa kamar ana Kasuwar Barci. A cikin garin akwai benen da mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, da gidan Seriki Abass mai ƙananan ɗakunan da ake tsare bayi, da sarƙoƙi da mari da za a bar yara su ɗaga su ji nauyinsu. Daga nan ake ƙetara gulbi a kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka kusan rabin awa a cikin rairayi ta hanyar da bayi suka bi. Tun ba ka ga komai ba za ka fara jin ruri kamar na hadari mai nisa, sannan iska ta canja wari, sai ka hau ɗan tudu ka ga ruwa ya tafi har inda ido ya gaza. Wata dattijuwa da na taɓa rakawa ta daɗe tsaye tana tasbihi, sannan ta duƙa ta ɗebi kumfar da tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce ashe da gaske ne. Wannan tafiyar ƙasa tana da rana, ku yi ta kafin ƙarfe goma, a riƙe wa Hajiya lema da ruwan sha.

Benin da Togo

A Kwatano ka kula da 'yan acaɓa masu rigar ɗorawa, sun fi motoci yawa kuma su ke da titin. Daga unguwar Fijirose akwai hanyar masunta mai bin bakin teku kusan kilomita 40 zuwa Wida, wadda za ka ga an rubuta Ouidah a allunan hanya. Inda kwalta ta ƙare kada ka tura ƙaramar mota cikin rairayi da mutum bakwai, gara ka koma babban titi. Da safe za ku tarar da jan taru: mutum talatin ko fiye a layi biyu, maza da mata da yara, suna jan igiya da waƙa na tsawon awanni, mata na jira da manyan kwanuka, kuma idan kuka yi sallama kuka nemi izini za su bar yaranku su kama igiyar. Wannan ya fi musu wanka amfani. A nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa. A Wida akwai hanyar bayi ta kusan kilomita 4 daga gari zuwa babbar ƙofar tunawa da aka gina a bakin teku a 1995, da ganuwar Turawan Fotugal, wato ginin tsaronsu, ta 1721, wadda ba su bari ba sai 1961.

Ganbiye, garin da aka gina a kan turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe, ya cancanci rabin yini. Daga Abomey-Calavi ake hawa jirgi. Kakanninsu sun gudo cikin ruwa ne saboda maharan bayi na Dahomey, kuma har yau kasuwa a kwale-kwale ake cin ta, yaro ɗan shekara shida yana tuƙa nasa zuwa makaranta. Amma wurin kwana biyu a Benin, a ganina, Gran-Popo ne, garin da ba shi da hayaniya, inda za ku hau jirgi a kogin Mono ku ratsa itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri saiwoyinsu a waje, ku ga kaguwa da masu dafa gishiri, har bakin da kogin yake faɗawa teku.

Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba, awa biyu sun ishe ka in ba cunkoso. A tsakanin Aneho da Lome ka nuna wa yara yadda teku ke cin ƙasa. Ruwa yana kwasar rairayi daga yamma zuwa gabas, to da aka gina tashar jiragen ruwa ta Lome a shekarun 1960 sai ta tare shi, yamma da ita fili ya ƙaru, gabas da ita kuma teku ya cinye gidaje har da tsohuwar hanyar mota. Iyakar Aflawo a ƙarshen titin birnin Lome take, ka iso ta da safe.

Gana

Babban titi daga Aflawo yana barin teku ya bi ta Sogakope, inda ake ƙetara Volta. A mararrabar Kasseh ka karya hagu zuwa Ada Fowa, nan ne zangonka na biyu. Kogin Volta yana buɗewa ya zama kamar tafki mai tsibirai, kuma akwai siririn rairayi da za ka tsaya a kansa, teku na hauka a gefe ɗaya, kogi na kwance lumui a ɗaya gefen, tsakaninsu bai fi jifa ba. Disamba lokacin kunkurun teku ne, suna fitowa da dare su haƙa rami su zuba ƙwai, kuma ma'aikatan kula da namun daji na yankin suna raka baƙi kallo, da sharaɗin ba a haska musu fitila. Ganin nasu sa'a ce, ni sau biyu na fita, sau ɗaya na dace. Wannan yanki har Keta yana fama da zaizaya, kuma madatsar Akosombo ta 1965 na cikin dalilai, saboda ta riƙe rairayin da kogin yake kawowa.

Akra ku ratsa ta kawai, ku yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, ku ci abinci a Nima. Da ka fita yamma za ka faɗa cunkoson Kasoa, sunan da asalinsa kalmarmu ce ta kasuwa. Daga nan sai Cape Coast da Elmina. Turawan Fotugal ne suka gina ganuwar Elmina a 1482, Holan suka ƙwace ta a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, kuma tun 1979 tana cikin wuraren tarihi na UNESCO. Mai yi muku jagora zai shigar da ku kurkukun ƙasa, ya rufe ƙofa na ɗan lokaci ku ji duhun da zafin, ya nuna muku barandar da gwamna ke tsayawa yana leƙen farfajiyar mata, da ƙofar fita zuwa jirgi wadda mutum ɗaya ba ya wuce ta sai a kaikaice. Autarku ta yi ƙanƙanta da wannan sashe, a bar ta a waje tare da kakarta. Mu ma muna da tarihi a wurin, domin sojojin Hausa da Gwamna Glover, Baturen Ingila, ya fara tarawa a Legas a 1863 an kawo wasunsu wannan gaɓa a farkon shekarun 1870 lokacin yaƙi da Asante. Bayan kun fito, ku hau tudun ƙaramar ganuwar da ke fuskantarta ku kalli ɗaruruwan jiragen masunta masu fenti da tutoci a bakin gulbi. Ranar Talata masuntan ba sa fita teku, don haka idan kana son ganin sauke kifi ka zaɓi wata rana. Da yake gaɓar Gana ta ɗan karkata, fitowar rana ce aka fi gani a kan ruwa, ba faɗuwarta ba, sai ku fita bayan asuba.

Kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast akwai dajin Kakum, mai gadojin igiya bakwai da aka buɗe a 1995, tsawonsu mita 350, wasu sassan kusan mita 40 daga ƙasa. Faɗin katakon da ake takawa bai fi na benci ba, yana lilo, kuma kafin a isa sai an hau tudu mai santsi. Manyan yara za su daɗe suna ba da labarinsa, amma ba wurin Hajiya ba ne.

Salla da abinci

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kamar yadda ya zo a hadisi cewa ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Alƙibla ba ta da wuya, tun da teku a kudu yake: ka sa shi a hannunka na dama, ka ɗan karkata hagu. Tafiyarku ta wuce mil 48 na ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma tun da ba za ku yi niyyar kwana huɗu a wuri ɗaya ba, hukuncin matafiya ne a kanku, amma bayanin haɗa salloli ka ji shi daga bakin malaminka. Kowane babban gari a hanyar yana da zango, gadon fataken goro da na shanu, kuma a can za ka sami masallaci da naman yanka da mai canjin kuɗi da makanike mai jin Hausa. A wajen zango ana sayar da naman alade a fili, saboda haka ku tsaya ga kifi gasasshe da ruwan ɗanyar kwakwa da aka fasa a gabanku. A Gana yara za su yi dariya idan suka ji ana tallar wace da tuwon zafi da kokon Hausa. Ruwan sha ya zama na gora, kuma kowa ya kwana a gidan sauro.

Motar kuma a kai ta wurin makanikenka mako biyu kafin tafiya, ba ana gobe ba, a duba birki da lagireto da tayoyi har safaya, ka riƙe abin kashe gobara da alamun tsayawa masu kusurwa uku guda biyu, domin jandarmomi da 'yan sandan hanya suna tambayarsu. Iskar bakin teku gishiri ce da ita, tana manne wa ƙarfe, don haka da kun dawo Ibadan ko Lokoja a ɗaga motar a wanke ƙarƙashinta da ruwan daɗi, kada ka bari sai damina ta zo ka ga tsatsa ta fito. Idan kuma kun isa Ada ka ga Hajiya ta gaji, ku ƙara kwana biyu a nan ku juyo, Elmina ta jira wani hutun.